Tuƙin Mota Cikin Rairayi Da Taɓo

Duk ma'aikacin da aikinsa ya haɗa shi da rangadi, ko malamin gona ne, ko malamin asibiti mai yawon allurar rigakafi, ko jami'in ƙidaya, ko mai duba makarantun ƙauye, ya san cewa kwalta tana da iyaka. Inda ta ƙare nan burji ya ke farawa, inda burji ya ƙare kuwa sai hanyar shanu da amalanke, wadda rairayi ke cinyewa da rani, taɓo kuma ya mallake ta da damina. Amma fa jama'ar da ke zaune a ƙarshen wannan hanya su ma 'yan ƙasa ne, suna da hakkin a kai musu magani da taki da littattafai kamar kowa. Saboda haka ne ma'aikatu ke kashe maƙudan kuɗi wajen sayen motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Land Cruiser.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin masu shiga waɗannan motoci, har ma da wasu masu tuƙa su, sun ɗauka cewa irin wannan mota ba ta kafewa. Wannan zato shi ne ya ke sa direba ya afka inda bai kamata ba, ya ƙone kuloci, ya karya ƙarfen ƙasa, ya bar maganin da aka ɗauko cikin ƙanƙara ya lalace a rana. A cikin daji na kusa da gari, hasarar ta kan tsaya a kan kuɗi da lokaci. A cikin hamada kuwa rai ne a bakinta.

Asalin Dabarar

Tun kafin a ƙera irin motocin da aka sani yanzu, Turawa sun yi ta gwada ƙetare Sahara da mota. Ran 17 ga Disamba, 1922, wasu Faransawa a ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil suka tashi daga garin Touggourt na ƙasar Aljeriya da motoci biyar na kamfanin Citroën, suka isa Timbuktu ran 7 ga Janairu, 1923. Motocin nan tayoyi ne da su a gaba, a baya kuwa wata ɗamara ce ta roba mai faɗi wadda ke zagayawa kamar ta tankar yaƙi. Cikin 1924 mutanen nan suka sake fitowa da motoci takwas, suka ratsa ta Yamai da Damagaram har bakin Tafkin Chadi, sa'an nan suka yi gaba.

To amma wanda ya fi kowa barin darasi mai amfani ga direbobi shi ne wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya zauna a Masar. Daga ƙarshen shekarun 1920 shi da abokansa suka riƙa kutsawa cikin manyan tuddan rairayi na yammacin Masar da ƙananan motocin Ford waɗanda tayoyin baya kaɗai ke ja. A nan suka tabbatar da amfanin rage iskar taya, da ɗaukar wasu ƙarafa masu kama da indararo waɗanda a ke shimfiɗa wa taya in ta nutse, da kuma wani irin kamfas mai aiki da inuwar rana, domin ƙarfen mota ya kan ruɗa kamfas na allura. Cikin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada ta sojan Ingila, kuma cikin 1941 ya buga littafi kan yadda iska ke tafiyar da rairayi. Abin lura a nan shi ne, yawancin motocin rundunar tasa ƙirar Chevrolet ne masu ja da ƙafa biyu, an zaɓe su ne domin sun fi rashin nauyi da ƙarancin shan mai. Da su aka yi tafiyar dubban kilomitoci a inda babu hanya. Watau sanin ƙasa da sanin hannu su ne suka ɗauki rabin aikin.

Yaƙin nan ne kuma ya haifar da Jeep a Amurka cikin 1941, wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera wajen 640,000 kafin a gama yaƙi. Bayan yaƙi, Maurice Wilks na kamfanin Rover a Ingila ya yi koyi da ita ya fito da Land Rover, wadda aka fara nuna wa duniya a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948. Da alminiyam aka yi jikinta, domin ƙarfe ya yi wuya a Ingila a lokacin. A Japan kuma kamfanin Toyota ya fito da tasa cikin 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser cikin 1954. Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kamfanin Berliet na Faransa ya tura manyan motoci masu ja da ƙafa shida suka ratsa hamadar Tenere daga Djanet zuwa Fort-Lamy, watau Njamena ta yanzu, suna kakkafa alamun ƙarfe a hanya domin na baya.

Yadda Ƙafa Huɗu Ke Aiki

A motar gida ta yau da kullum tayoyi biyu kaɗai ke ja, ko na gaba ko na baya, sauran biyun bi kawai su ke yi. A mota mai ja da ƙafa huɗu akwai wani ƙaramin akwatin giya bayan babban, wanda ke raba ƙarfin inji, ya aika da wani gaba, wani baya. Cikin wannan akwati ne a ke samun ƙaramar giya, wadda direbobi ke kira "lo". In an sa ta, gudun mota ya kan ragu da rabi ko fiye, ƙarfin jan tayoyi kuwa ya ƙaru daidai da abin da gudu ya ragu. Ita ce giyar hawan tudu mai tsayi, da gangara mai haɗari, da fita daga rami.

Sai dai akwai wani abu wanda ya kamata kowane direba ya fahimta. Sa'ad da mota ke shan kwana, tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, saboda haka tilas ta fi ta saurin juyawa. Domin a sami damar haka, maƙera mota sun sa wani tarin haƙoran ƙarfe cikin ƙullutu mai kama da tulu a tsakiyar sandar da ke haɗa tayoyi biyu, makanikai suna kiransa difarenshal. A kan kwalta aikinsa yana da kyau ƙwarai. A cikin santsi kuwa yana da aibi, domin ƙarfin da ya ke bai wa tayoyin nan biyu ba ya wuce abin da wadda ta fi rashin riƙo za ta iya ɗauka. Shi ya sa a kan ga taya ɗaya tana ta wulwulawa cikin caɓi, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye cik. In haka ta faru ga taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya a lokaci guda, to, mota mai ƙafa huɗu ta kafe ke nan kamar kowace mota. Maganin wannan shi ne makullin da a ke sa wa wasu motoci, wanda ke tilasta wa tayoyin juyawa tare. A kan ɗaura shi kafin a shiga wuri mai wuya, a kwance shi da zarar an fita, domin mota ba ta son shan kwana yana ɗaure.

Har ila yau, a motoci da yawa ba a yi ƙafa huɗun domin kwalta ba. In direba ya manta ya bar ta a ɗaure a kan busasshiyar hanya, ƙafafun gaba da na baya za su yi ta ja-in-ja da juna, tayoyi su cinye, sitiyari ya yi nauyi, daga bisani wani haƙori ya karye cikin akwatin giya. Wasu motocin kuma suna da wani ɗan murfi a tsakiyar tayoyin gaba wanda sai an sauka an murɗa shi da hannu kafin ƙarfin inji ya isa gare su. Direbobi nawa ne suka sa giya, suka shiga rairayi suna taƙama da ƙafa huɗu, alhali biyu ke ja?

Rairayi

Wanda ya taɓa duban tafin raƙumi ya riga ya san sirrin tafiya cikin rairayi. Tafin yana da faɗi da taushi, in ya taka sai ya baje, nauyin dabbar ya rarrabu. Doki kuwa, mai ƙaramin kofato mai tauri, nutsewa ya ke yi. Taya mai cikakkiyar iska kamar kofato ta ke. A kan kwalta a kan ba ta awo 30 zuwa 35 a gejin masu faci, ko fiye in mota ta ɗauki kaya. In an zo rairayi mai laushi a kan sauke ta zuwa wajen 15 ko 18. Da haka wurin da taya ke taka ƙasa ya kan ƙara tsawo, motar ta hau bisa rairayin maimakon ta huda shi. Babu wata dabara guda da ta kai wannan amfani, kuma ba ta cin ko kwabo.

Amma tana da sharuɗɗa. Taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, domin gefenta ya kan yi ta lanƙwashewa har ya yi zafi ya fashe. Ba ta son kwana ta farat ɗaya, domin tana iya zamewa daga kan ƙarfenta. Ba ta son duwatsu masu kaifi. Saboda haka duk wanda zai rage iska lalle ne ya kasance yana da geji da famfo, ya mai da ita da zarar ya hau ƙasa mai tauri.

Abu na biyu shi ne riƙe gudu madaidaici. Rairayi yana jan mota baya kamar wanda ya riƙe rigar mai tafiya, in an saki totur nan take ta ke tsayawa. Kamata ya yi direba ya zaɓi giyarsa tun kafin ya shiga, ya riƙe totur ba ƙari ba ragi har ya fita, domin canjin giya a tsakiya shi ne ya kan sa mota ta rasa ƙarfin tafiyarta. Tashi daga tsaye kuma sannu a hankali a ke yinsa, domin tayar da aka fizga rami ta ke haƙa wa kanta. In za a tsaya, sai a saki totur a bar rairayi ya tsai da motar da kansa, domin birki mai ƙarfi ya kan tara tudu a gaban kowace taya, tudun da zai hana tashi. Direba mai hankali ya kan nemi wuri mai tauri ko ɗan gangare ya tsaya, goshin motarsa yana duban ƙasa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da asuba rairayi ya kan yi sanyi ya ɗan haɗe, musamman in raɓa ta sauka, sai ya ɗauki mota. Da tsakar rana kuwa ya kan bushe ya saki, inji yana zafi, ga shi rana tana tsaka babu inuwar da za ta nuna rami ko gangara, ƙasa duk ta zama fari ɗaya. Shi ya sa masu ratsa jigayin Yusufari a Jihar Yobe, ko hanyar Agadas zuwa Bilma, ke sammako su ci wuri mai wuya kafin hantsi. Akwai kuma wata irin turɓaya mai laushi kamar garin tuwo, wadda ke ɓoye ƙarƙashin ɓawon ƙasa mai kama da tauri. Mota ta kan faɗa cikinta ba zato, ƙura ta turnuƙe har na baya ba ya ganin na gaba. Don haka motocin da ke tafiya ayari su kan ba juna rata mai yawa, domin in ta gaba ta kafe ta baya ta sami damar kaucewa ta tsaya a wuri mai kyau.

Tudun rairayi fuska biyu gare shi. Wajen da iska ke bugowa hawansa a kwance ya ke, kuma a dake. Wajen da iska ke zubar da rairayi kuwa gangara ce mai tsayi da laushi, wadda karkatarta ke kaiwa wajen digiri 34. Da ya ke iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, galibi wannan fuska mai haɗari kudu maso yamma ta ke duba. Ƙa'ida ita ce a hau tudu a miƙe, a sauka a miƙe. Motar da ta ratsa gangara a karkace, tayoyinta na ƙasa za su nutse, ta kife. In mota ta gaza kai ƙololuwa, kada direba ya yi ƙoƙarin juyawa, sai ya sa giyar baya ya sauko ta kan sawunsa, ya sake ɗaukar hanzari. In kuwa ya kai, sai ya sassauta daidai kan tudun, in ya yi shakka ya sauka ya leƙa, domin mutane da yawa sun yi tsalle da mota cikin ramin da ba su gani ba. Wajen sauka ƙaramar giya ce ke riƙe mota, wanda ya danne birki bayan motarsa ne zai zagayo gaba.

Taɓo Da Ruwa

Taɓo iri-iri ne. Akwai ɗan santsi na bisa ƙasa mai tauri, wanda ba ya nutsar da mota amma ya kan zamar da ita cikin kwata. Akwai caɓin fadama, irin wanda a ke samu a dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda ba a sanin ƙarshensa sai an gwada. Akwai jar laka ta hawan duwatsu irin ta tsaunin Mambila. Sa'an nan akwai baƙar laka ta kudancin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda Barebari ke kira firgi, inda a ke noman dawar masakwa bayan ruwa ya janye. Da rani wannan ƙasa ta kan bushe ta tsattsage, mota ta yi gudu a kanta kamar kwalta. Ruwan sama ɗaya kuwa ya isa ya mai da ita danƙo, ta cike zanen taya ta mai da ita sumul, ta dunƙule a cikin mazaunin taya har juyawa ta gagara.

Doka ta farko ita ce a sauka a duba. Yaron mota ya ɗauki sanda ya shiga da ƙafa, ya auna zurfi, ya ji ko akwai tauri a ƙasa, ya nemo kututture ko rami a ɓoye. Matambayi ba ya ɓata: manomin da gonarsa ke bakin hanyar ya fi kowa sanin inda amalanke ya bi jiya da inda babbar mota ta kwana. In an yanke shawarar shiga, sai a ɗaura ƙafa huɗu tun a busasshiyar ƙasa, a sa ƙaramar giya lamba biyu ko uku, a shiga da gudu kaɗan wanda ba ya yankewa. In tayoyi suka fara wulwulawa, direba ya ɗan sassauta totur, ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, domin gefen tayoyin gaba ya sami abin cizo. In akwai sawun motocin da suka riga suka wuce, bin su ya fi, sai fa in sun yi zurfin da cikin mota zai zauna a kan tudun da ke tsakaninsu. Motar da cikinta ya zauna, tayoyinta suna lilo, ko ƙafa goma gare ta ba ta motsi.

Mashigin ruwa ya fi taɓo haɗari. Inji iska ya ke shaƙa ya matse ta, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga ta hancin inji, sandunan da ke cikinsa su kan lanƙwashe nan take, gyara kuwa sai an sauke inji. Saboda haka wajibi ne direba ya san inda hancin motarsa ya ke da tsayinsa daga ƙasa. Dogon bututun da a ke gani a gefen gilashin wasu motoci an yi shi ne domin ya ɗaga wannan hanci sama, ya kuma rage shaƙar ƙura, amma bai mai da mota kwalekwale ba. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murɗa makulli, sai a jawo motar waje makaniki ya duba. Ruwa mai gudu kuwa, in zurfinsa ya kai santimita 60, yana iya ɗauke babbar mota ya tafi da ita. Ƙoramar da ta cika bayan hadari sau da yawa ta kan sauka cikin 'yan sa'o'i, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an fita, aiki bai ƙare ba. Birkin da ya jiƙe ba ya kamawa, sai a yi tafiya a hankali ana ɗan taka shi har ya bushe. Lagireton da laka ta toshe ya kan sa inji zafi. In an koma gida sai a wanke ƙarƙashin mota tas, a duba man difarenshal da na akwatin giya. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo.

In Mota Ta Kafe

Kowane direba ya kan kafe, bambancin yana wajen abin da ya yi a minti na farko. Da zarar mota ta daina ci gaba, sai a ɗage ƙafa daga totur, domin kowane juyi na banza ƙara zurfin rami ya ke yi. A gwada komawa baya ta kan sawu. In ta ƙi, sai fasinja su sauka, a rage kaya, a ƙara sassauta iska, a ɗauki shebur a share gaban tayoyi huɗu da ƙarƙashin mota har cikinta ya rabu da ƙasa. In ta zauna sosai sai a ɗaga ta da jak, wanda a ke ɗora wa faffaɗan katako don kada shi ma ya nutse, a cike ramin, a shimfiɗa abin takawa. Masu tafiyar Sahara sun daɗe suna amfani da farantan ƙarfe masu huji-huji, irin waɗanda aka shimfiɗa filayen jirgin sama da su lokacin yaƙi. Inda babu su, zana da tabarma da kirare da rassan itace suna yin aikin. Kada kowa ya tsaya bayan taya, domin ta kan cillo abin da aka shimfiɗa mata da ƙarfin gaske.

Ja da igiya shi ne inda a ke samun munanan raunuka. Igiya ko wayar da ke ɗauke da nauyin mota, in ta tsinke, ta kan dawo kamar bulala. Ba a ɗaura ta a jikin bamba, ko a ƙwallon ƙarfen da a ke jan tirela da shi, domin ya kan karye ya tashi kamar harsashi. A kan ɗaura ta ne a ƙugiyar da ke haɗe da ƙashin motar, a yafa mata bargo ko buhu a tsakiya domin ya kashe ƙarfinta in ta tsinke, 'yan kallo kuma su ja da baya nesa. Motar da ke da injin ja a goshinta amma babu itace kusa, sai a haƙa rami a binne safayar taya a ɗaura wayar a jikinta.

Guzurin Hamada

Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin rairayi mai laushi mota ta kan sha mai fiye da na kwalta da rabi, wani lokaci har ninki biyu, saboda haka lissafin mai da aka yi a ofis da taswira da rula ba ya kai mutum gida. Mutum guda cikin zafin bazara yana bukatar ruwan sha lita biyar zuwa goma a yini, ban da na lagireto, ban da na kwanakin da ba a yi niyya ba. Kaya masu nauyi a ƙasa a ke jera su, domin motar da aka labta wa jarkoki a kan rufi ita ce ke saurin kifewa. Mota ɗaya ba ta shiga hamada ita kaɗai. A kan sanar da hukuma wajen tashi da ranar da a ke sa ran isa, a kuma nemi labarin tsaron hanya. Na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam da wayar tauraro sun sauƙaƙa abubuwa ƙwarai, amma na'ura ba ta san inda rairayi ya yi laushi bana ba, ko rijiyar da ta ƙafe. Wannan sani yana wurin jagorori na Abzinawa da Tubawa, jikokin madugan da ke kai ayarin gishiri Fachi da Bilma.

Hamada ba ta jin kunyar kowa. Bafaranshe Thierry Sabine ya ɓata a kan babur cikin Sahara a 1977, bayan an cece shi ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara ran 26 ga Disamba, 1978, ya ratsa ta Tamanrasset da Agadas da Yamai. Cikin motoci da babura 182 da suka tashi, 74 ne suka isa Dakar. A tseren 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya yi kwana shida ba a san inda ya ke ba bayan motarsa ta lalace, sai jirgin saman sojan Aljeriya ne ya gano shi da abokan tafiyarsa a wurin motar. An soke tseren a 2008 saboda rashin tsaro, aka mai da shi Amurka ta Kudu daga 2009, sa'an nan Saudiyya daga 2020.

Waɗancan suna da jiragen da za su neme su. Talaka ba shi da su. Cikin Oktoba, 2013, aka tsinci gawarwakin mutane 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motoci biyun da suka ɗauke su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. An same su a warwatse, kowa inda ƙarfinsa ya ƙare. Gwamnatin Nijar ta yi makoki na kwana uku. Darasin da masana hamada ke nanatawa shi ne, in dai an san da tafiyar, zama wurin mota ya fi. Mota tana ba da inuwa, a kan hango ta daga nesa, madubinta yana walƙiya, tayarta in an ƙona tana ba da baƙin hayaƙi. Mai tafiya da ƙafa cikin rana kuwa ruwan jikinsa ya ke ƙararwa, kuma ganinsa yana da wuya.

Hakkin Jama'a

Akwai wani ɓangare na maganar wanda ya shafi shugabannin ma'aikatu kai tsaye. Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, haka ma hanyar ƙauye. Babbar mota ɗaya da ta bi burji yana jiƙe tana iya barin kwazazzabon da zai wahal da masu keke da amalanke har ƙarshen damina. Saboda haka ne a ƙasashe irin su Kamaru da Chadi aka san shingen ruwan sama, inda a ke tsai da manyan motoci har hanya ta sha iska. Direban da ya kauce wa caɓi ya bi ta cikin gonar mutane ya ceci motarsa da abincin wani, kuma gobe na bayansa zai bi sawunsa har gonar ta zama hanya.

Ya kamata kowace ma'aikata mai motocin rangadi ta tabbatar cewa kowace mota tana da shebur da geji da famfo da igiya mai ƙarfi da katakon jak da safayar taya mai kyau, kuma a riƙa ƙidaya su kamar yadda a ke ƙidaya kujerun ofis. Ya kamata a riƙa fitar da sababbin direbobi zuwa jigawa da fadama a ƙarƙashin tsofaffin hannu, su kafe su fita da rana tsaka kusa da gari, kafin ranar da za su kafe da dare da majiyyaci a baya. Shi kuma babban ma'aikaci da ke zaune a kujerar gaba, in direbansa ya ce masa wannan wuri ba ya shiguwa yau, ya saurare shi, ko da taro na jiransa.